Ƙanzona a Kumatun Jariri

Ƙanzon tukunyar Kaka nawa ne tun ban san kaina ba. Kullum da safe sai ta kankaro shi, ta jiƙa, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ta ƙwala kira: "Ina mijin nawa? Zo ka karya." Wasan kaka da jika ne, amma ni har cikin raina na ɗauke shi.

Sai ta aika aka sayo mata ɗan rago a kasuwar Ɗanbatta, ta turke shi a gindin rumbu. Harawar wakenmu tasa, dusar gero tasa, duk ban ce komai ba. Ranar da na ga ta juye masa ƙanzona a kwatarniya ne na ji kamar in haɗiyi zuciya. Na tsani ragon nan. In ba kowa a tsakar gida sai in tsaya ina harararsa, shi kuwa yana ta tuƙa, ko a jikinsa.

Malamin firamarenmu ne ya kwantar min da hankali bai sani ba. Ya ce gero daga hasken rana yake samun ƙarfinsa. Dabba ba ta iya haka, sai ta ci geron, mu kuma mu ci dabbar, ƙarfin ya dawo jikinmu. Na ce ashe ajiya nake yi! Daga ranar har ruwa nake kai wa ragon, ina shafa gadon bayansa, ina jiran babbar sallah.

Ashe ba na layya ba ne. Matar Baffa, ƙanen babana, ta haifi ɗa namiji, aka yanka shi ranar suna. Mu yara 'yan hanji aka miƙo mana. Na kai hannu kwanon suya, Kaka ta buge min shi.

"Kai, na maijego ne! In ba ta ci ba, da me za ta shayar?"

Na zauna ina bin sawun maganar Malam. Ƙanzona ya shiga rago, rago ya shiga maijego, ita kuma ta mayar da shi nono. Kafin a yi arba'in kumatun yaron nan sun yi luhu-luhu, kowa na yabawa. Ni kaɗai na san abin da ke ciki.

Wata safiya na jiyo muryar Kaka: "Ina mijin nawa?" Na fito da gudu ko takalmi babu. Na tarar ta ɗaga jaririn sama tana yi masa rawa, ko waiwayowa ba ta yi ba.