Kalmomin da Maiwada Ya Tsince

Maiwada taubashina ne, don haka zan faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa: mutumin nan ya so Turanci fiye da yadda Turawa suka so shi. Shekara talatin da biyar ya koyar a firamaren ƙauyenmu, nan Dandamisa, kuma babbar kadararsa wani ƙamus ne mara bango da tsohon hedimasta ya bar masa. Ƙamus ɗin ya girmi ubansa. A ciki yake farautar kalmomin da masu harshen suka daina amfani da su, ya kwafe su a littafi da fassarar Hausa.

Wata rana ya same ni a gonar rake yana haki. Na ɗauka gobara ce.

"Iliyasu, ashe su ma suna da jibi," ya ce. "Overmorrow. Kalma ɗaya tak, kamar tamu. Suka yar da ita, yanzu sai su ce ranar da ke bayan gobe."

Na ce to ya aika musu da ita a mota, kada su kwana babu. Bai yi dariya ba. Tausayin kalmomin nan yake ji da gaske, kamar marayu.

Cikin 'ya'yansa, Radiyya ce kaɗai ta zauna ta saurare shi. Burinta makarantar koyon jinya a Zariya, kuma ba a shiga sai da sakamako mai kyau a Turanci. Da jarrabawar gama sakandare ta matso, ya sa ta gaba kullum bayan la'asar. Ya ce ta zuba tsofaffin kalmomin nan a insha'inta, mai dubawa zai san 'yar malami ce ta rubuta.

Ta ci komai, ta faɗi Turanci. Maiwada ya ce masu dubawar ne ba su yi zurfi ba, ya ƙara mata wasu kalmomin. Shekara ta zagayo, ta sake faɗuwa. Ƙawayenta biyu suna dawowa hutu da fararen kayan makarantar jinya, ita tana gida tana sussukar masara. Na ga yarinyar nan ta rame, kuma raina ya ɓaci.

A karo na uku ta koma gidan gwaggonta Murja a Makarfi, ta yi karatunta ita kaɗai. Ta ci.

Ina zaune a zaurensa ranar da ta kawo takardar. Ya karanta sau biyu, fuskarsa cike da murna.

"Wacce kika sa musu cikin kalmominmu?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ko ɗaya."

Ya ajiye takardar. Sai ta ce tun faɗuwar farko malamarsu ta gaya mata cewa kalmomin ne suka kayar da ita, wai ba wanda ke rubuta su yau, mai dubawa yana ganinsu kamar kuskure.

"Kin sani tun lokacin? To me ya sa kika sake rubuta su a karo na biyu?"

"Kai ka raka ni har bakin ƙofa, Baba. Ka ce kada in manta da su."

Ya ce Allah ya yi mata albarka, ta tashi ta shiga ciki. Ya rage daga ni sai shi. Ni da ban taɓa rasa abin tsokanarsa ba, ranar bakina ya mutu.

Can ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Iliyasu, shekara biyu na cinye wa yarinyar nan," ya ce. "Kuma kullum muka gama darasi, sai ta durƙusa ta yi mini godiya."