Ranar da Surukina Ya Cafke Min Hannu

Jiya na wuce wata katafila tana haƙa lambatu wajen Masallacin Koudoukou. Warin mai da zafin inji suka buge ni, sai na tuna Baba, mahaifin maigidana.

Makanikin katafila ne, kuma duk unguwarmu ta Kilomita Biyar babu kamarsa, ko a gaban wa zan faɗa. Ba ya taɓa waya sai ya cire kan batir, ba ya kwance tiyo sai bokitin motar ya zauna a ƙasa. Yakan ce, "Ƙarfe ko ya yi shiru, ba barci yake ba."

Lokacin boren sojoji, mai motar ya matsa a gyara ta a kawar kafin a ƙwace. Na kai wa Baba tuwon rogo, na tarar inji na kunne, ana neman inda mai ke yoyo, harbi kuma na tashi can bakin kogi. Ni na fara hango feshin man daga jikin tiyo, siriri kamar gashi. Na miƙa yatsa in nuna.

Mutumin da kunya ba ta taɓa barinsa ya kira sunana ba, shi ya cafke min hannu ya fizge. Ya kara kwali a wurin, man ya huda shi.

Idonsa a ƙasa ya ce, "Yarinya, da wane hannun za ki soya makala, fanken nan da kike sayarwa?"

Na ce, "Ai ni na gano muku, Baba."

Ya murmusa. "Ke kika gano. Ido ma ya isa."

Da yatsun nan goma na ciyar da jikokinsa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya riƙe hannunsa a kan siraɗi yadda ya riƙe nawa.