Karatu a Bakin Shanya

Na koyi karatun boko ne da girmana, a ajin mata na mishan da ke Roni. Iyayena Maguzawa ne, manoma, ni kaɗai ce a gidanmu na shiga addinin Kirista. Da aka ɗaura mini aure, malamar ajin ta ba ni Sabon Alkawari mai baƙin bango, ta ce in riƙa karanta ko da layi biyar ne kullum. Na ce to. A lokacin nan to ba ta yi mini wuya a baki.

Maigidana malamin allurar shanu ne na En'e. Wata biyu da bikinmu aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Babura, kusa da iyaka. Babu coci a wurin, babu Kirista ko ɗaya sai mu biyu, shi kuwa yakan yi kwana goma yana bin rugage kafin in sake ganinsa. Mutanen garin sun karɓe mu hannu bibbiyu, ban taɓa rasa mai ba ni wuta ko gishiri ba. Amma wanda zai tuna mini da addinina babu, sai littafin nan.

Ga wautar da na tafka. A wurinmu mata, abin da ya fi daraja a ɗaki can ƙasan jere ake ajiye shi. Na naɗe littafin a sabon ɗankwali, na sa shi a babbar fanteka ta ƙasa, na ɗora tasoshi da kwanoni da ƙoren da aka yi mini gara da su, har jeren ya kusa taɓa rufin ɗaki. A ganina girmama shi na yi. Wanda duk ya san jere ya san ba a sauke shi sai da dalili, don sai ka ɓata rabin yini kafin ka mayar. Kullum in ce gobe. Da haka damina ta wuce, aka yi kaka, na haifi 'yata ta fari, littafi na nan kwance lafiya lau, ko ƙura bai sha ba.

Wata tsohuwa ce maƙwabciyata, uwar limamin garin, ina ce mata Inna. Wata rana da hantsi ta shigo da takarda a ƙulle a bakin zanenta. Ƙaramin ɗanta ne da ke aikin jirgin ƙasa a Kano ya aiko.

"Matar Malam, an ce kin iya bokon nan. Duba mini abin da yaron nan ya ce."

Na karɓa da taƙama, har da gyara zama. Na dubi takarda, takarda ta dube ni. Baƙaƙen na gane su ɗaya-ɗaya, amma haɗa su ya gagara. Na yi ta in-ina, gumi na keto mini, layi shida kawai sai da muka kai azahar a kansu. Da na gama, Inna ta karɓi takardarta.

"Ashe naku karatun ma yana gudu in ba a bibiyarsa," in ji ta. "Ina littafin addinin naku da na ji an ce kina da shi?"

Na nuna mata jere. Ta ɗaga kai ta bi shi da kallo daga ƙasa har sama, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu.

"'Yar nan, kulle kika sa shi? Ɗana liman tun yana ɗan mitsitsi ya sauke, amma har gobe bai fasa tilawa ba. Ke da kika tsinci naki jiya-jiya, shi ne kika kife shi da kwanoni?"

Na ji haushinta ƙwarai, don gaskiya ta faɗa. Bayan ta fita kuma tsoro ya kama ni. Na ga in karatun nan ya kuɓuce mini, babu mai sake koya mini a garin, kuma addinin da na bar gidanmu dominsa zai bi shi a hankali, ba tare da kowa ya kore shi ba. A ranar na sauke jeren kaf. Littafin bai sake komawa ciki ba, na saƙale shi a ragaya kusa da ƙofa.

Sai maganar lokaci. Na gwada da sassafe, ga ɗiban ruwa ga shara. Na gwada da yamma, ga tuwo a wuta ga yarinya na kuka. Kwana uku in yi, kwana biyar in fasa. Da na zauna na duba yinina tsaf, wuri ɗaya na samu da hannuna ke hutawa. In na yi surfe na wanke gero na baza a tabarma, dole in zauna gadi, in ba haka ba kaji da awakin unguwa su yi biki. Zaman nan ba mai kiransa lalaci, aiki ne. Na ce to, nan ne wurina.

Haka na fara, 'yata a goye, sanda a hannun hagu, yatsan dama a kan layi. Da ƙarfi nake yi kamar yadda aka koya mana, ina jan kowace kalma. Inda na tsaya in sa tsinken tsintsiya. Dokar da na kafa wa kaina guda ce: ba na kwashe shanya sai tsinken ya matsa gaba. Akwai ranar da ban fahimci komai ba, akwai ranar da labarin ya ɗauke ni har wata baƙar akuya ta cinye kusan rabin geron ina zaune a gabanta. Da maigidana ya dawo ya ce a daina cewa akuyar ɓarauniya ce, kuɗin makaranta ta karɓa. Duk da haka ban daina karatun ba. Da damina ta zagayo rana ta yi wuya, sai na mayar da shanyar rumfa, karatu ya bi ta. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi kafin in kai bangon ƙarshe, na juyo da tsinken farko.

A makon nan ƙyanda ta shigo garin. Ta ɗauki yara da dama, ta haɗa da tawa. Maigidan na can daji, sai da aka binne ta ya iso. Matan unguwa sun zauna da ni kwana uku, Inna ce ke dafa mana abinci. A rana ta huɗu kowa ya koma gidansa, na yi surfe, na baza gero, na zauna. Bayana ba nauyi. Na daɗe ina kallon littafin a cinyata, ina fushi da Mai shi, kuma na faɗa masa hakan a fili.

Sannan na buɗe wurin tsinken. Na so a ce wata kalmar ta'aziyya ce ke jirana. Shafin farko ne, jerin sunayen kakanni, wanda a karon farko na tsallake don ya fi ƙarfina. Wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, har ƙasan shafi. Na karanta su duka ina kuka, ban tsallake suna ko ɗaya ba. Da na gama na matsar da tsinken, na tashi na kwashe geron.