Ranar da Mutumin Babura Ya Tayar da Inji

A shekarun da na yi ina koyar da aikin injin yanka ƙarfe mai kwamfuta a wata cibiyar koyon sana'a a Kazaure, inji ɗaya tak muke da shi. Bayanin aikinsa ba wuya. Ka rubuta masa umarni layi-layi, ka nuna masa inda sifili yake a jikin ƙarfen, wato inda zai fara awo, ka rufe ƙofar gilashi, ka danna koren maɓalli. Daga nan haƙorin yanka zai bi lambobinka, ko daidai ne ko kuskure, ba ya tambaya.

A cikin ɗalibaina akwai wani magidanci daga Babura wanda ni kaina ya girme ni. Da can injin niƙa yake yi a bakin kasuwar hatsi, har ranar da bel ya kama hannunsa na dama ya tafi da yatsu biyu. Wajen rubuta umarni ba ya gaggawa, ba ya kuma yawan kuskure. Amma bai taɓa tayar da injin da kansa ba. In an zo danna maɓalli sai ya ja baya ya ce da na kusa, "Bismilla, kai ne a wurin."

Wata rana bayan azahar na tare shi da maganar. Sai ya ce, "Malam, da zuciyata ba na tsoro. Da na ji ƙugin nan ne hannun yake ƙi."

Haka muka tafi har ranar jarrabawar aiki. Mai jarrabawar daga Dutse ya zo, dattijo ne mara yawan magana. Ya gindaya mini sharaɗi tun da safe: in tsaya bayan layin fenti da ke ƙasa, kada in yi magana, kada in yi nuni. An ɗauke wuta, da janareta muke aiki, ga hadari yana haɗowa daga gabas. Ɗalibai 'yan Roni da Gwiwa sai leƙen taga suke yi, kowa na tunanin yadda zai kai gida a babur kafin ruwa.

Da aka kira mutumin Babura, ya ɗaure guntun alminiyam ɗinsa, ya nemi sifili, ya bi umarninsa a allo har ƙarshe. Ya rufe ƙofa. Sai ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit, in ban da janareta. Ina ganin gumi na bin ƙeyarsa yana shiga wuyan riga. Dattijon ya duba agogo ya ce masa, "Malam, akwai masu jira."

"To, ranka ya daɗe," in ji mutumin Babura.

Ya ɗaga hannun daman, ya mayar. Sannan ya sa na hagu ya danna.

Injin ya ɗauka, ruwan sanyaya haƙori ya feso a gilashi, yanka ya fara tafiya lafiya lau. Har na fara sakin numfashi. Da haƙorin ya kai kwana sai ƙarar ta canza, ta ɗan yi tsini, kamar yadda take yi kullum a wurin. Kafin in ƙifta ido ya kai wa jan maɓallin tsayar da inji duka. Komai ya tsaya cak, haƙori a cikin ƙarfe.

"Me ya faru?" in ji dattijon.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Ni ne."

Wani daga baya ya ja tsaki. Ƙafata ta riga ta taka layin fenti, na janye ta. Na san abin da ke gabansa: ya ɗaga haƙorin a hankali kada ya karye, ya mayar da injin mazauninsa, ya tabbatar sifilin bai goce ba. In ya juya ƙafar saiti, wato 'yar da'irar da ake motsa haƙorin da ita, ta inda ba daidai ba, haƙorin zai nutse, kuma ba mu da wani irinsa a cibiyar.

Dattijon ya dube shi, ya rufe bironsa, ya ce, "Aikinka ne. Ƙarasa."

Mutumin Babura ya fara juyawa kaɗan-kaɗan, leɓɓansa na motsi. Haƙorin ya ɗago. Ruwa ya kece a kan kwanon rufi daidai lokacin da ya sake rufe ƙofar, har ba ma jin juna. Wannan karon bai jira ba, ya danna koren maɓallin. Da aka zo kwanar nan ya damƙe gefen wandonsa ya runtse ido, injin ya wuce.

Da ya ciro aikin, akwai ɗan tabo inda haƙorin ya tsaya. Dattijon ya auna, ya shafa tabon da babban yatsa, ya rage masa maki, ya ce ya ci. Mutumin Babura ya fita baranda ya zauna a kan benci, feshin ruwa na jiƙa masa ƙafa. Da na same shi sai ya ce in taimaka masa da ruwan sha, ya kuma tambaye ni ko ranar Litinin zan bar shi ya sake yanka wani.