Benci a Ƙofar Ofishin Haraji

Kafintan nan mutum ne mai riƙo. Matarsa kan ce ko akuya ce ta taka shi, sai ya haddace kamanninta.

Shekara ashirin yana aikin katako kafin injin yanka ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Gwamnati ta sa shi cikin masu karɓar tallafin nakasa, ɗan abin da bai wuce cefanen mako biyu ba. Da ya je cike takardar haraji, akawun taga ta biyu ya haɗe tallafin da kuɗin shago a layi ɗaya, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, wannan ai kuɗin yatsuna ne."

"Kuɗi dai kuɗi ne, malam. Na baya ya matso."

Jimillar ta haura iyakar da ake yafewa, haraji ya hau kansa, tara ta biyo baya. Injin ya sayar ya biya. Sai bayan shekara biyu mai sharar ofishin ta tsegunta masa cewa irin wannan tallafi ba a cire masa haraji, layinsa daban ne a bayan takardar.

Ya tsani akawun nan, tsana mai hana cin abinci. Ya haɗa benci, ya dasa shi a ƙofar ofishin. Duk wanda ya fito da sanda ko keken guragu sai ya tare shi, ya juya takardarsa ya nuna masa layin, ya rubuta masa ƙorafi da hagu, kyauta. Sharaɗinsa ɗaya ne: a ambaci taga ta biyu.

"Malam, an fa maido maka da kuɗinka," in ji matarsa. "Ka sayi inji mana."

"Ba inji nake nema ba yanzu."

Ƙorafi na saba'in da huɗu ne ya jawo masu bincike, aka sallami akawun. A ranar, kafintan ya sa sabuwar riga, ya zauna a bencinsa yana jira. Akawun ya fito yana nishi da ƙaton kwalin takardunsa, ya dube shi ido cikin ido, bai ma gane shi ba.

"Baba, don Allah kama min."

Wannan ya fi harajin yi masa ciwo. Ya miƙe ya kama gefe ɗaya, suka taka tare a hankali har bakin kwatar ruwan datti, sannan ya saki, kwalin ya faɗa ciki.