Kwamandan Yayana

Yayana ya fara tara sojojin roba tun yana sabon shiga aiki a wani kantin kayan kwamfuta a unguwar Bagdadiyya, nan ƙasar Larabawa inda muke zaune. Wani abokin aikinsa ɗan Filifin ne ya nuna masa wasan. Sojojin ƙanana ne, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wai mayaƙan wani zamani ne can gaba, lokacin da mutane za su riƙa yaƙi a tsakanin taurari. A kwali ake sayen su gutsi-gutsi, mutum ya haɗa da gam, ya yi musu fenti da hannunsa, sannan ya kai su kan teburi ya kara da rundunar wani. Ana jefa 'yan ƙwayoyi irin na ludo, waɗanda a nan muke ce wa zahar, su ne ke nuna wanda harbinsa ya samu.

Da Umma ta fara ganin su ba ta so ba, ta ce sun yi mata kama da gumaka. Ya nuna mata cewa duk hular ƙarfe ce a kansu, babu mai fuska. Ta ce ita dai kada ta gan su a ɗakin da take salla. Suka zauna a kabad mai gilashi a ɗakinsa, a gidanmu na unguwar Bani Malik, shekara da shekaru. Ni ban taɓa kula su ba sai in zan share ƙura.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. An yi masa allurai a cikin idon, abin ya tsaya, amma bai koma yadda yake ba. Gefe-gefe yana gani, tsakiya kuwa hazo ne. Ya daina tuƙi, kafilinsa, wato ubangidansa a wurin aiki, ya mayar da shi wurin amsa waya. Kafin haka ya sayi kwamandan rundunarsa, wanda ya daɗe yana nema, kwalin ya zauna a kan kabad ko ledarsa ba a cire ba.

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana ya ɗauko kwalin ya ajiye a gabana, ya ce yana so in yi masa fenti. Na ce masa ni ko bango ban taɓa shafawa ba. Ya ce ai wuni nake yi ina riƙe da ƙarfe a bakin mutane hannuna bai rawa, domin a asibitin haƙori nake aiki, ina taimaka wa likita. Ya ce sauran shi zai faɗa mini.

Haɗawar shi ya yi kusan duka. Ni na yanko gutsattsarin da ɗan almakashi, shi kuma ya bi su da yatsa yana kankare duk inda ya ji tudu. Kwamandan ya fito da faffaɗan sulke, alkyabba a bayansa, bindiga a hannu ɗaya, takobi a ɗayan.

Kafin fenti sai an fesa masa farin shafe na gwangwani don launi ya kama. Na hau saman bene da safe na fesa, ban lura iska ta yi nauyi da danshin teku ba. Da ya bushe na kawo masa. Ya shafa da babban yatsa, ya ce ya zama kamar an birkima shi cikin yashi. Muka jiƙa shi a ruwan maganin wanke daɓe, na goge da tsohon buroshin haƙori har robar ta fito, muka jira ranar da iska ta bushe na sake fesawa.

Daga nan muka shiga aikin sosai, kullum bayan la'asar idan na dawo. Rundunarsa duk ruwan toka ce mai duhu da bakin jan ƙarfe, don haka babu zaɓi a launi. Abin da ya fi nanata mini shi ne in tsinka fentin da ruwa har ya zama kamar madara, in shafa siriri, in bari ya bushe, in ƙara. Ni kuwa gaggawa nake yi in ga launi ya rufe. Ga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana busar da fentin kafin in kai buroshi. Sai ya sa na ɗauko robar halawa da ta ƙare, na shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ciki, na ɗora takardar gashin biredi a kai. A nan nake ɗiga fenti, ya wuni bai bushe ba. Likitan da nake wa aiki ya ara mini tsohon tabaransa mai ƙara girman abu, da na gaya masa dalili.

Yadda yake duba aikina shi ne in ɗauki hoto da waya, in tura a talabijin ɗin falo. Kwamandan da bai kai yatsa ba sai ya cika bango. Yaya ya matso kusa, ya karkata kai yana kallo ta gefen ido. A wannan girman babu kuskuren da ke ɓuya. Zai ce jan ƙarfen ya tsallake layi a kafaɗa, ko alkyabbar ta yi dabbare-dabbare. In koma in gyara. Ya koya mini zuba wani baƙin ruwa tsararo da ke gangarawa cikin lungunan sulke ya fito da inuwa, da yadda ake share buroshi har ya kusa bushewa a bi kan tudu da shi don haske.

Rannan muna kan tambarin kafaɗa, na yi sau da yawa bai yi masa ba. Sai ya miƙo hannu.

"Ba ni buroshin."

Na ba shi. Ya zauna yadda ya saba zama, gwiwar hannu a kan teburi, tafukan biyu a haɗe. Hannunsa ko motsi bai yi. Ya kai buroshin a hankali, bakin buroshin ya sauka a kan farcensa, nesa da kafaɗar. Ya sake gwadawa, ya ɗiga farin fenti a kan bindigar. Ya ɗan jima a haka, sannan ya ajiye buroshin cikin ruwa ya turo mini kwamandan.

"Halas. Kammili, ki ƙarasa," in ji shi.

Na goge ɗigon da jiƙaƙƙen auduga tun bai bushe ba. Bai tashi ba, na ci gaba da aikin. Da na gama tambarin na tambaye shi ko in tura a talabijin, ya ce a bari sai gobe. Washegari ya duba ya ce ya yi.

Idanun hular ne na ƙarshe, ja ne da ɗan ɗigon fari a kusurwa. Ya ce in riƙe numfashi in taɓa sau ɗaya. Na dama ya fita daidai, na hagu ya ɗan fi girma, muka bar shi haka.

Wata Asabar na kai shi wurin da suke wasa, saman wani shago a Aziziyya. Tun da idon ya lalace bai je ba. Tebura ne manya da rusassun gine-gine na kwali da soso. Mutanen suka taso suna gaishe shi, aka kawo mana shayi. Wanda ya kara da shi wani Bamisire ne mai sayar da magani, sun daɗe da sanin juna. Ni nake karanta masa zahar, ina auna tazara da tef, ina matsar da sojojin inda ya ce. Da na faɗa masa inda kowa yake sau ɗaya, sai ya riƙe teburin gaba ɗaya a kansa, har yana tuna mini da waɗanda na manta a bayan gini.

Ba a je ko'ina ba wata ƙatuwar motar yaƙi ta Bamisiren ta harbe kwamandan. Zahar ya faɗi ba daɗi, dole na ɗauke shi daga teburi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce duk wahalar nan ashe ta 'yan mintoci ce. Yaya ya yi ta dariya, sauran ma haka. Suka ce sananne ne a wurinsu, duk wanda aka gama wa fenti sabo shi ake fara kashewa. Bamisiren ya ɗauki kwamandan ya juya shi a ƙarƙashin fitila, ya ce ana iya gane inda na fara da inda na ƙare, don bayan ya fi gaban kyau. Aka cinye Yaya a wasan, bai damu ba. A hanyar gida ya sa na tsaya muka sayi mutabbaƙ, soyayyen fulawa mai nama da ƙwai a ciki, yana ta lissafa mini abin da ya kamata ya yi tun farko.

Yanzu mukan je wasu Asabar ɗin idan ba ni da aiki. Har yau dokokin wasan ba su zauna mini sosai ba, fentin ne ya kama ni. Kwanakin baya na ga wata halitta a shagon, mai ƙafafu da yawa da ɓawo a baya kamar ƙaguwa, na ce ita nake so. Yaya ya ce waɗannan abokan gaban rundunarsa ne, ba za su kwana a kabad ɗinsa ba. Na saya duk da haka, tana kan teburin ɗakina. Na gama ƙafafun, ina neman irin koren da zan yi wa ɓawon.