Na Gyara wa Bature Akwatin Ubansa

Wautar da na tafka a duniya ba kaɗan ba ce, amma babu kamar ta akwatin Baturen nan. Da furfurata na yi ta, da guduma a hannu, ina jiran a sa mini albarka.

Ni maƙerin akwatin ƙarfe ne. Boko kuwa ta taga na leƙa shi. Da ɗana likita ya ɗauko ni zuwa unguwar Thamesmead a London, sai na zama kayan ɗaki: a ajiye mini shayi, a kunna talabijin, kowa ya fice. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne, shi kaɗai a sashensa na benen. Duk faɗin London shi ne abokina, ko da yake rabin hirarmu da hannu muke yi. Ran nan ya ga ina ɗaure wa tukunya mariƙi, sai ya shiga ya fito da wani akwati, duk tsatsa, ciki an shimfiɗe shi da bargo, ƙasansa da tagar gilashi. Ɗana ya yi mana tafinta. Wai lokacin yaƙin duniya a ciki ake sa kyamara a jirgin sama, don kada sanyi da jijjiga su kashe ta in ana ɗaukar hoton ƙasar abokan gaba. Na ubansa ne. Yana so in ƙera masa irinsa, wanda zai riƙa kaiwa taron tsofaffi masu son jirage, na ainihin ya huta a gida. Ya ba ni aro in yi awo.

Na sha wuya. A garin nan gwangwanin kirki ma sai an yi masa tattaki. Na karaɗe kasuwar Deptford kafin na samo tsofaffin farantan gasa burodi da wani bargon soja. Ina fara bugu a baranda, matar da ke hawa na sama ta kai ƙarata wurin hukumar unguwa. Na koma naɗe guduma da tsumma, ina aiki kamar ɓarawo. Gilashi biyu na fasa. Duk da haka akwati ya fito, har ni kaina na tsaya ina kallonsa.

To, a nan Shaiɗan ya zo. Na ajiye nawa kusa da nasa, sai kunya ta kama ni. A wurinmu ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓo shi, balle a gidan maƙeri. Ga tsatsa, ga wata muguwar lotsawa a gefe, kamar jaki ya harbe shi. Na buge lotsawar ta miƙe sumul, na kankare tsatsar, na shafa masa fenti kore har hawa biyu.

Ɗana ya dawo daga aiki ya gani, jakarsa ta faɗi.

"Baba! Me ka yi?"

"Gyara, mana. Ko ido ma sai an je makaranta?"

"Lotsawar nan ɓaraguzan harsashi ne suka yi ta, Baba. A tafiyar da aka harbi jirgin babansa."

"To wa ya gaya mini? Mutum ya ba ka abu a lotse, ka san so yake ya zauna a lotse?"

Na ɗauko guduma zan mayar masa da abarsa, tun da ban manta wurin ba. Yaron nan ya riƙe mini hannu kamar ya kama mahaukaci.

Baturen ya zo da safe. Ko kallon nawa bai yi ba, wanda na sha wa baƙar wahala. Ya shafa gefen na ubansa, ya sake shafawa, ya faɗi wata magana a hankali. Na juya wajen ɗana.

"Kai, fassara mini. Zagina ya yi?"

"Bai zage ka ba, Baba. Cewa ya yi tun yana yaro a ramin nan yake sa yatsansa in ya tuna babansa. Wai yanzu ina zai sa?"